Ɗan Farin Habsatu

A Angwal Kalgo, wani ƙauye da ke gefen Matankari, in ana son yi wa amarya faɗa a kan rashin ta-ido, da Habsatu ake ba ta misali. "Ke, dubi Habsatu mana! Shekara nawa da ta haifi ɗan farinta, kin taɓa jin sunansa a bakinta?" Kuma gaskiya ne, ba a taɓa ji ba. Ranar Sallar layya ta haife shi, aka yi ta kiransa Sallau, kowa na kira ban da ita. In ta so ambatonsa sai ta ce "wancan," ko "yaron gidan tsohuwa," domin ana yaye shi kakarsa ta wajen uba ta ɗauke shi, kamar yadda aka saba. In ya shigo gida ta ba shi baya. In ya faɗi ya fasa baki, sai dai wata ta ɗaga shi, ita tana can tana sussuka kamar ba ta ga komai ba.

Kowace mace tana kunyar ɗan fari, wannan ba sabon abu ba ne. Amma ta Habsatu ta yi yawa, kuma matan gari suka yi ta zuga ta har abin ya zama sarautarta. Ba ta da shanu, ba ta da kyan da za a tsaya faɗi, mijinta Rabo manomi ne kamar kowa. Kunyar nan ita kaɗai ta mallaka, ta kuwa riƙe ta da hannu biyu.

To, sai Allah ya ba ta ɗan da ba a iya kawar da kai daga gare shi.

Gidan Rabo ba gidan roƙo ba ne. Kaka da kakanni hauya suka sani, babu wanda ya taɓa riƙe kalangu ko da wasa. Amma Sallau yana shekara goma sha biyu aka same shi a bayan rumbu ya fafe ɗan duma, ya shimfiɗa masa fatar guza, ya tsinko izga daga wutsiyar dokin wani baƙo, ya haɗa gurmi. Rabo ya taka shi ya fashe. Yaron bai yi kuka ba, ya haɗa wani. Rabo ya jefa wannan a murhu. Da ya ga na uku sai ya tsaya yana kallonsa, ya ce albasa dai ba ta yi halin ruwa ba, ya kaɗa kai ya tafi gona.

Da ma a ce maroƙi ya zama irin na kowa, da abin da sauƙi. Maroƙi yakan nemi ubangida, ya wasa shi, ya wasa ubansa da kakansa, a ba shi riga, in rabo ya tsaga a ba shi doki. Sallau kuwa bai taɓa wasa ɗan Adam ba. Waƙarsa ta farko da ta fita gari, jakin Mani mai gishiri ya yi wa, wani tsohon jaki mai yankakken kunne. Ya bi shi tun daga Matankari har Dogon Dutsi yana kiɗa masa, yana cewa:

"Mai kunne guda, ka ji rabin zagi,
Rabin ya faɗi a hanya.
Ka ɗauki gishiri shekara tara,
Ko lasa ba a ce ka yi ba."

Mani ya ji haushi, ya ce shi da ya sayi jakin ai ya fi cancanta a ambace shi. Sallau ya ce masa, "Kai ka ɗauki kayan?"

Daga nan sai rijiyar gari, da igiyar guganta da ke cin hannun mata. Sai tsohon gawon da ke bakin fadama. Shekarar da fara ta cinye gero har mutane suka koma tonon gidan tururuwa, ya yi wa farar nan waƙa, ya yi mata faɗa irin wanda ake yi wa baƙin da suka zo gaisuwa suka ƙi tafiya. Mutane suna jin yunwa suna dariya, wasu suna dariyar suna share ido.

Ga shi da halin da babu mai gane kansa. Ba ya fuskantar mutane in yana waƙa, abin da yake yi wa waƙar shi yake kallo, in babu shi a kusa ya juya ga bango ko itace. In wani ya yi zumbur ya manna masa kuɗi a goshi, shi ke nan waƙa ta mutu, sai ya rataya gurminsa ya wuce. Abin da yake karɓa kawai wanda zai ci a nan take, fura ko dambu. Takalmansa a wuya yake rataye su, wai kada su gaji. Wani basarake ya aiko masa da babbar riga don ya zo ya zauna a ƙofarsa, Sallau ya yi godiya ya karɓa, ya je ya shimfiɗa wa wata akuya da ke naƙuda. Aka ce iska ce. 'Yan bori suka zo suka zauna suka saurare shi yini guda, mai gogensu ya miƙe ya kakkaɓe riga ya ce, "Wanga ba namu ba ne. Aljana Doguwa ma ta san abin da take so." Ya yi aure sau ɗaya, matar ta yi damina biyu ta kwashe ƙorenta, ta ce ba za ta iya da mijin da ke hira da jaki ba.

Duk wannan Habsatu tana ji, don kunne ba ya kunya. 'Yarta A'i, wadda ke bin Sallau da shekara shida, ita ke kwaso waƙoƙin daga bakin rijiya ta zo tana rerawa a wajen daka. Habsatu takan ce, "Ke, rufe mini baki da shirmen wancan." Amma sai taɓaryarta ta rage sauri. A'i ta gane, takan ci gaba da abinta. Babu waƙar Sallau ɗaya da uwar ba ta haddace ba, kuma babu wadda ta taɓa ji daga bakinsa.

Da Nasara suka tashi gyaran hanyar da ta taso daga Dosso ta nufi Birnin Ƙwanni, aka bi ƙauyuka ana kwasar samari aikin tilas. Sallau yana cikinsu. Wata uku yana ɗaukar marmara a kwando, kansa ya saɓule, wani gardi, dogarin Nasara, ya fasa masa gurmi. Ya dawo da waƙar kwando, wadda fatake suka ɗauka har Sakkwato. Amma ba ita kaɗai ya dawo da ita ba.

Da hantsi ya iso. Bai shiga gidan ba, ya tsaya a bakin danga, ramamme, ƙafa duk faso. Habsatu na tsakar gida da matan maƙwabta uku suna sussuka. Ya dubi dangar, don ita zai yi wa magana, ya ce, "A gai da masu gida. A gaya musu can wajen aiki na yi wata waƙa. Ta mutum ce. Ban taɓa yin ta mutum ba, kuma ba ni ƙarawa. In mai ita ta zauna, sai in rera."

Taɓare suka tsaya cak. Matan nan uku suka zuba wa Habsatu ido. Ita kuwa ta jingine taɓaryarta, ta ɗauki tulu, ta fita ta ƙofar baya ta nufi rijiya, alhali randunanta cike suke. Kafin azahar labari ya gama gari. "Kun ji Habsatu? Ɗa ya dawo daga bakin mutuwa, ko ɗaga ido ba ta yi ba. Kai, wagga mata akwai kunya!" Tana jin yabon, yana mata daɗi, ba za a ɓoye ba. Amma ranar tuwo bai wuce mata ba.

Tana son jin waƙar nan. Wallahi tana so, fiye da yadda ta taɓa son wani abu a duniya. Me yaron nan ya gani a wurinta, ita da bai san komai nata ba sai ƙeya? Yabo ne ko ƙorafi? Ya san cewa lokacin da ƙyanda ta kama shi a gidan tsohuwa, kwana bakwai tana zagaya bayan ɗakin wai tana neman kaza? Tambayar ta zauna mata a ƙirji. Sai ta yi wa kanta dabara, irin dabarar da ke kashe mai ita. Ta ce tsohuwa ba ta da kunya. Bari kai ya yi fari, bari jikoki su yi yawa, a lokacin ko ta zauna gabansa babu mai cewa uffan. Waƙa ai ba nono ba ce da za ta yi tsami.

Shi kuma Sallau ya rantse babu kunnen da zai riga nata. Aka roƙe shi a Matankari, aka roƙe shi a Tibiri, fatake suka yi masa alkawarin duniya, ya ce ba tasu ba ce. Har waƙar da ba a ji ba ta fi waɗanda aka ji suna. Duk kaka, in an gama ɗaure gero, sai ya zo ya tsaya a bakin dangar nan ya ce, "Mai ita ta shirya?" Sai A'i ta fito masa da ƙwaryar fura mai nono da yawa, wadda Habsatu ta dama da hannunta ta ce, "Ki ce ke kinka dama." Ya sha, ya side baki, ya ce, "Hannunki ya tsufa, A'i." Ya rataya gurmi ya tafi.

Haka aka yi ta yi. A'i ta yi aure a Dogon Dutsi, furar ta koma hannun matan maƙwabta. Rabo ya rasu. Samarin da suka yi aikin hanya da Sallau suka aurar da 'ya'ya. Shekara ashirin da 'yan kai, mutum yana zuwa bakin danga yana tambaya ɗaya.

Ana nan sai wani Nasara ya sauka Dogon Dutsi da akwatin da ke haɗiye murya ya maido ta. Yana yawo ne gari gari yana ɗaukar kiɗa da waƙa, tare da tafintansa, wani dattijo mai surutu da ake kira Jibo. Aka kawo masa masu kalangu, aka kawo masu goge, sannan aka ce ai bai ji komai ba in bai ji Sallau ba. Da ƙyar aka lallaɓo shi zuwa inuwar da aka ajiye akwatin, kusa da kasuwa. Ya zauna ya ba akwatin baya. Nasara ya zagaya da bakin abin, Sallau ya sake juyawa. Sai da Jibo ya ce masa ai akwatin ba mutum ba ne, abu ne kamar rijiya, sannan ya yarda ya dube shi. Ya yi ta jaki, ya yi ta fara, ya yi ta kwando. Da aka maido masa da muryarsa ya saurara da kyau, ya ce, "Wanga mutum ya iya, amma yana da gaggawa."

Jibo, da yake bakinsa ba ya riƙe magana, ya ba Nasara labarin waƙar da aka ɓoye. Nasara ya nace. Daga ƙarshe Sallau ya ce, "In mai ita ta zo, in yi, akwatin ya ci albarkacinta."

A'i ce ta kawo saƙon da ƙafarta. Ta tarar da uwar tana tsince wake, ta durƙusa ta ce, "Inna, ba sai kin zauna gabansa ba. Ya ce ko bayan zana kinka tsaya, in dai ya hangi ƙafarki, ya isa. Gobe kasuwa, jibi Nasaran zai tahi. Inna, don Allah. Kin ga yadda ya koma? Tari yake yi tun bara."

Habsatu ta ci gaba da tsince wakenta. Amma gari na wayewa ta ɗaura zanenta na saƙi, wanda ba ta sawa sai biki, ta kama hanya. Tafiyar ba kaɗan ba ce ga mace mai shekarunta. Ta huta sau biyu a gindin kalgo, rana ta ɗaga sosai kafin ta hangi dutsen. Duk hanya tana gaya wa kanta bayan zana ne kawai, wa zai gan ta?

Ta tarar da taro ya yi da'ira. Ta raɓa ta bayan masu tabarmi, ta leƙa ta tsakanin kafaɗun mutane, ta gan shi. Rabon da ta dubi fuskarsa sosai tun yana goye. Ashe har gemunsa ya yi furfura. Ashe goshin ubanta ne da shi. Yana zaune, gurmi a cinya, bai taɓa tsirkiya ba, idonsa yana bin ƙasan wani zana da aka kafa a gefe. Taku goma ne tsakaninta da zanan. Ta ɗaga ƙafa.

"Habsatu! Ke ce nan?"

Ma'u ce, sa'arta ta Angwal Kalgo, mai muryar da ake ji daga wannan gona zuwa waccan. Ta zo sayar da daddawa, ga wasu matan ƙauyen biyu a bayanta. Ma'u ta tafa hannu ta ƙyalƙyale da dariya. "Lalle duniya ta zo ƙarshe! Har da zanen biki! Ashe dai an zo jin ɗa?"

Ba da mugunta ta faɗa ba, tsokana ce ta sa'anni. Da Habsatu ta ce "Eh, na zo," da an yi dariya an wuce wurin, kafin kasuwa ta watse an manta. Amma shekara arba'in da wani abu ana nuna ta da yatsa ana cewa ga mai kunya, bakinta ya riga ya saba da hanya guda. Ta ji kanta tana cewa, "Ni? Allah ya tsare. Kanwa na zo saye."

Kanwa, jama'a! Ta juya ta shiga kasuwa, matan nan na biye da ita suna yaba ta, ta je ta tsuguna gaban mai kanwa ta taya, ta saya, ta ƙulle a gefen zane. Tana da kanwa a gida da za ta kai ta wata kaka. Ta so ta zame ta koma, Ma'u ta maƙale mata, wai su tafi gida tare tunda hanya ɗaya ce. Suka tafi tare.

Sallau ya zauna a wurin nan har la'asar. A'i ta ce ko ruwa bai sha ba. Da Nasara ya gaji ya rufe akwatinsa, sai wani mai shisshigi ya ce ai ya ga tsohuwar ɗazu a rumfar kanwa. Sallau ya ɗaga kai ya dube shi, ya ce, "To." Ya miƙe ya tafi.

Kakar shekarar ta zo, ba a ga kowa a bakin danga ba. Habsatu ta dama fura ta rufe da faifai, ta tsaya har ta yi tsami ta ba awaki. Wata kakar ma haka, da wadda ta biyo ta. Labarinsa dai yana zuwa a bakin masu kasuwa. An gan shi wajen Kiyeshe. An ce muryar ta dushe. An ce yanzu kiɗa kawai yake yi, in aka matsa masa ya yi waƙa sai ya nuna maƙogwaro ya girgiza kai. Ta yi nadama, ta yi kuka a bayan rumbu inda babu mai gani, amma ko sau ɗaya ba ta aika a kira shi ba. Da wane baki? Wa za ta ce a kira?

Tsufan da take jira kuwa ya iso, bai yi mata ƙarya ba. Kai ya yi fari fat, jikoki suka haifi nasu. Sai dai bai zo shi kaɗai ba. Da farko kukan zakara ta daina ji daga nesa. Sannan sai an maimaita mata magana. Ta iya ɓoyewa, takan kalli bakin mutum ta gyaɗa kai, ta ce "haka ne." A'i ce kawai ta san nisan da abin ya yi, don ita ce ke kafa mata baki a kunne in ta zo.

Wata ranar bazara A'i ta zo da jaki. Ta sunkuya ta ɗaga murya ta ce, "Inna, Yaya yana gidana. Wasu Fulani sunka kawo shi bisa sa. Ba ya tashi."

Wannan karon Habsatu ba ta nemi zanen biki ba. Yadda take aka ɗora ta a jaki. Suka shiga Dogon Dutsi rana na tsaka, gidan A'i cike da masu dubiya, har da mutanen Angwal Kalgo da suka zo cin kasuwa. Ta ratsa su ba ta gai da kowa ba. Yana kwance a rumfar tsakar gida, an jingina shi da buhun gero, ya zama ƙashi da fata. Ta zauna a tabarmarsa, gaba da gaba, gwiwarta na taɓa tasa.

Ta ce, "Sallau."

Sunan ya fito mata wani iri, kamar ba da harshenta ba. Ta sake cewa, "Sallau. Na zo. Rera mini."

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya miƙa hannu, A'i ta ɗauko gurmin daga inda aka rataye shi ta ɗora masa a cinya. Ya yi wa mutane alama da hannu su fita. Suka fita suna waiwaye. A'i ta tsaya, don ta san abin da su biyun ba su sani ba, ta san muryarsa kuma ta san kunnen uwar. Ta sunkuya ta ce, "Inna, in zauna kusa da ke?" Sallau ya girgiza kai. Habsatu ta ga ya girgiza, ta ce, "Tahi, ɗiyata. Tawa ce." A ranta tana cewa ga shi ga ta, tazarar hannu ɗaya, me zai hana ta ji? A'i ta fita, ta kori yara daga bakin ƙofa, ta ja zana.

Ya gyara tsirkiya. Bai juya ga bango ba, ita ya fuskanta. Yatsunsa suka fara tafiya, ta ji kiɗan can ƙasa-ƙasa, kamar daga wata unguwa. Sannan ya buɗe baki.

Leɓɓansa suna motsi. Ta jira muryar ta iso, ba ta iso ba. Ta matsa. Ta juya masa kunnen dama, wanda ya fi dama-dama, ta matsa har tana jin hucin numfashinsa a kumatunta. Iska ce kawai ke fita, da ɗan kaushi a cikinta. Ta koma kallon bakinsa yadda ta saba yi wa mutane, amma bakin mai waƙa ba kamar na mai magana ba ne, yana ja yana lanƙwasa, ba ta kama ko kalma ɗaya ba. Innalillahi.

Ta buɗe baki za ta ce ya ɗaga murya, sai ta ga jijiyoyin wuyansa sun miƙe, ƙirjinsa na sama da ƙasa, gumi na bin gemunsa. Babu sauran abin da zai ɗaga, duk abin da ya rage masa ne yake ba ta. Ta yi tunanin ta ƙwalla wa A'i kira. To, ta ce masa me? Ta ce shekara ashirin da biyar ka riƙe mini, na zo da kunnen da ba ya ji? Idonsa na kanta, yana haske kamar na yaro. Ta rufe bakinta.

Waƙar doguwa ce. Wani wuri ya lumshe ido, ita ma ta sunkuyar da kai. Wani wuri ya nuna ta da haɓa, ta gyaɗa. Can tsakiya sai ya yi dariya, dariya sosai har tari ya sarƙe shi, yana kallonta yana jiran ta gane. Ta yi dariya ita ma, hawaye na zuba. Ya goge baki da gefen riga ya ci gaba. Da ya kai ƙarshe ya dafe tsirkiya da tafin hannu, ya ɗaga gira yana tambayarta.

Ta ce, "Na ji. Na ji duka. Allah ya yi maka albarka."

Ya saki ajiyar zuciya, ya jingina da buhun, ya rufe ido yana murmushi. Ta zauna tana masa fifita da faifai har rana ta karkata. Kwana biyu ya ƙara, ranar na ukun da hantsi ya cika, kansa a cinyarta.

Bayan an share makoki mutane suka yi ta zuwa. Jibo tafinta ya zo da kansa, ya tsuguna ya yi ta magiya, wai ko baiti ɗaya ta faɗa a rubuta, kada abin ya bi ƙasa. Ta ce, "Tawa ce." Masu gurmi biyu suka zo daga Tibiri, ta ce musu tawa ce. Matan Angwal Kalgo suka sami sabon abin yabo. "Kun ga Habsatu? Ta ji, ta haɗiye, ko A'i ba ta gaya wa ba. Kai, wagga mata akwai zurfin ciki!" Wannan yabon bai yi mata daɗi ba, in ta ga bakinsu na motsi sai ta tashi ta shige ɗaki.

Sai da aka yi sadakar arba'in, baƙi suka watse, ya rage ita da A'i suna wanke ƙore a tsakar gida. Habsatu ta daɗe tana cuɗa ƙwarya ɗaya. Sannan ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "A'i, ranar nan, kina bakin ƙofa. Ba ki tsinci komi ba? Ko kalma guda?"

A'i ta saki abin da ke hannunta. Ta dubi uwar, ta daɗe tana dubanta, sannan ta matso ta kafa baki a kunnenta ta ce, "Inna, kin ce in tahi, na tahi. Ina can waje wajen yara."

Habsatu ta gyaɗa kai. Ta ɗauraye ƙwaryar ta kife ta, ta ɗauki wata.

"Akwai inda ya yi dariya," in ji ta. "Can tsakiya. Ya yi dariya har da tari. Ko mi ya ce a wurin?"

A'i ba ta sani ba.